Cutar da Aka Ce Babu Ta a Ƙasarmu: Tarihin Lufus Daga Ibadan Zuwa Madawa

Gabatarwa

Shekara da shekaru, littattafan koyon aikin likita suna ɗauke da wata magana game da mu mutanen Afirka ta Yamma. Wai akwai cutar da ke addabar baƙar fata a Amurka da Jamaika da Ingila, amma ba ta kama baƙar fatar da ke zaune gida, inda kakannin waɗancan suka fito. Sunan cutar lufus. Ɗaya daga cikin manyan tushen wagga magana shi ne wani bincike da aka buga a 1968 daga Ibadan, wanda ya yi shi kuwa mutum ne da daga baya ya zauna shekara 10 a Zariya yana aiki cikin Hausawa. An karɓi maganar, an karantar da ita, har ta kai in lokotoro ya ga mace da ciwon gaɓoɓi da masassara mai kai-komo, lufus ce ta ƙarshe da za ta faɗo mishi a rai.

Wannan maƙala tana bin sawun maganar ne: yadda aka yi ta tashi, yadda ƙidaya ta karya ta, da yadda wani sabon fannin ilimi da ake kira efijenetik ya sake buɗe tambayar ta wata ƙofa. In ka ce mi ya haɗa ɗan Galma Kudawace ko ɗiyar Buza ko ta Keita da wanga zance, to dalili biyu ne. Na farko, cutar mata ce: cikin mutum 10 da ta kama, kusan 9 mata ne, galibi tsakanin shekara 15 da 45. Na biyu, babban maganinta ƙanen nibakin ne, ƙwayar nan mai ɗaci da iyayenmu suka sha har suka gaji.

Kyarkeci da malam-buɗe-littafi

Jikin mutum yana da garkuwa, wato fararen ƙwayoyin jini da makaman da suke ƙerawa don yaƙar abin da ya shigo daga waje. A cikin lufus, dogaran ne ke daina gane ƴan gida, su juya makamansu kan fata da gaɓoɓi da jini da ƙoda. Da ɗan gari akan ci gari. Mai ita tana fama da gajiya, ciwon gaɓoɓi, masassara, zubar gashi, gyambon baki da ƙarancin jini. In ta taɓa ƙoda, ƙafafu da fuska su kumbura. Tana cikin abubuwan da ke kawo ɓarin ciki a kai a kai. Takan lafa wata da watanni, sannan ta taso. Ba a ɗaukarta daga wani, ko da kuwa kwano ɗaya ake ci.

Sunan daga Latin ne, ma'anarshi kyarkeci, don likitocin Turai na dā sun ga gyambon da ke cin fuska kamar cizon dabba. A tsakiyar ƙarni na 19 Ferdinand von Hebra na birnin Biyana ya kwatanta tabon da ke hawa kumatu biyu ya ratsa karan hanci da fukafukan malam-buɗe-littafi. A 1851 Cazenave a Faris ya ƙara wa sunan kalmar da ke nufin mai ja. A 1872 Moritz Kaposi ya nuna cewa cutar ba a fata kaɗai take tsayawa ba, tana shiga cikin jiki har ta kashe. A 1948 Malcolm Hargraves na asibitin Mayo a Amurka ya gano wata ƙwaya ta daban cikin ɓargon masu cutar, aka samu awo na farko. A 1957 George Friou ya kawo awon jinin da ake kira ANA, wanda har gobe shi ne ƙofar tabbatar da cutar.

Ka lura da abu guda, ya kai mai karatu. Duk wannan siffantawa a kan farar fata aka yi ta. Tabon da Bature ya kira ja, a fuskar Bahaushiya ko Buzuwa yakan fito da duhu ne, ko ya bar wuri ya koɗe. Ɗalibin da ya haddace hoton littafi zai iya kallon cutar ido da ido bai gane ta ba.

Ƙanen nibakin

Tarihin maganin lufus da na masassarar cizon sauro a haɗe suke tun farko. A 1894 wani likita a Landan mai suna Payne ya ba da labarin cewa kinin yana rage tabon lufus. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin da aka tura ƙasashe masu sauro sun riƙa shan wata ƙwaya mai suna Atabrine kullum don rigakafi, sai aka lura masu ƙurajen fata da ciwon gaɓoɓi cikinsu suna samun sauƙi. A 1951 Francis Page ya buga sakamakon gwada ta kan masu lufus. Shi kuwa kulorokin, wanda mu muka sani da sunan nibakin, Hans Andersag ne ya haɗa shi a kamfanin Bayer na Jamus a 1934. A 1955 Amurka ta amince da ƙanenshi, wanda ake saidawa da sunan Plaquenil. A 1991 wasu likitocin Kanada suka gwada janye shi daga masu lufus da cutarsu ta lafa, sai tasowar cutar ta ninka sau biyu da rabi ga waɗanda aka janye wa. Tun daga nan ya zama ginshiƙin magani. Ana shan shi har da juna biyu, sai dai ana bukatar awon ido lokaci lokaci.

Ɗaya ginshiƙin shi ne kortizon, wanda Philip Hench ya fara gwadawa a 1948, ya samu kyautar Nobel a 1950. Wani lissafi da aka buga a 1955 daga asibitin Johns Hopkins ya nuna kusan rabin masu lufus ne kaɗai ke raye shekara 4 bayan an gano cutar. Yau a ƙasashen da ke da awo da magani, sama da kashi 90 cikin 100 suna wuce shekara 10. Amma kortizon wuƙa ce mai kaifi biyu: in aka daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba yana kawo hawan jini da ciwon suga da laushin ƙashi. Danginshi ne masu tallan magani ke saidawa a faranti ranar kasuwa, wasu mata na sha don ƙiba. Mai lufus in ta sha sai gaɓoɓi su saki, ta ce ta warke, alhali ƙoda na can tana lalacewa.

A 2020, da korona ta zo aka yi ta yayata cewa Plaquenil na maganinta, mutane suka yi mishi rubdugu, masu lufus a ƙasashe da dama suka neme shi a farmasi suka rasa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna ba ya maganin korona.

Ibadan, 1968

Brian Greenwood, wani matashin likita ɗan Ingila, ya zo asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan a 1965. Ya zauna ya bi takardun marasa lafiyar da aka kwantar shekaru da dama, ya tarar cututtukan da garkuwa ke cin gida sun yi ƙaranci ƙwarai in aka gwada da Ingila, masu lufus kuwa ƴan ƙalilan ne. A 1968 ya buga wannan cikin mujallar Lancet, ya kawo hasashe: wataƙila masassarar cizon sauro da sauran cututtukan da ɗan Afirka ke fama da su tun yana goye ne ke shagaltar da garkuwar jiki, har ba ta samun sukunin juyawa kan mai ita.

Bai tsaya ga hasashe ba. A 1970 shi da Herrick da Voller suka samu wani jinsin ɓeraye da kan kamu da irin wagga cuta da kansu, suka sa musu ƙwayar masassara tun suna ƙanana. Ɓerayen da suka yi masassara sai ciwon ƙodarsu ya ja baya, suka fi ƴan'uwansu tsawon rai. A wannan shekarar Greenwood ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zauna har 1980 yana aiki kan sanƙarau da masassara, sannan ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya a Gambiya daga 1980 zuwa 1995.

Maganar tashi ta yi nisa fiye da yadda ya faɗe ta. Ya zuwa shekarun 1990 an riga an zana ta kamar hawan tudu: lufus ƙalilan ce a Afirka ta Yamma, tana ƙaruwa a tsibiran Karibiyan, ta kai ƙololuwa cikin baƙar fatar Amurka da Turai. Jini ɗaya, wuri daban, cuta daban. Zance mai daɗin ji, shi ya sa ya daɗe.

To amma wa ke zuwa asibitin koyarwa? Wanda ke kusa, mai kuɗin mota, wanda aka yarda a kai shi. Matar ƙauye da ƙodarta ta tsaya, gida take rasuwa, a ce kumburi ne. Mai ciwon gaɓoɓi a ce sanyi ne, mai ɓari a ce iska ce ko sammu, mai masassara a ba ta nibakin. Wasu masana ma sun kawo cewa shi kanshi yawan shan nibakin a duk zazzaɓi yana iya danne lufus mai sauƙi ba tare da kowa ya sani ba. Takardun asibiti suna faɗin wanda ya zo ne, ba sa faɗin wanda ya kwana a hanya.

Da aka sake ƙidaya

A 2001 Mariam Molokhia da abokan aikinta suka ƙidaya mata masu lufus a kudancin Landan, inda kowa ke da hanyar zuwa likita ɗaya da awo ɗaya. Cikin kowace mace 100,000, sun samu 177 ga ƴan asalin Karibiyan, 110 ga waɗanda suka yi ƙaura daga Afirka ta Yamma, 35 ga Turawa. Kenan matan da aka haifa a ƙasar sauro, suka girma cikinta, sun ninka Turawa sau uku. Masu binciken suka ce alama ce cutar ba ta yi ƙaranci a Afirka ta Yamma kamar yadda ake zato ba.

A 2009 Farfesa Olufemi Adelowo da Oguntona suka buga lissafin asibitin ciwon gaɓoɓi guda ɗaya a Legas: cikin shekara 6, daga mutum 1,250 da suka gani, 66 lufus ce. Bambancin Ibadan ta 1968 da Legas ta 2009 shi ne an samu ƙwararren da ya san abin da yake nema, da ɗakin awon da zai tabbatar mishi.

Duk da haka hasashen Greenwood bai mutu ba, kama ya sake. A 2010 masu bincike daga Jami'ar Kambirij, tare da abokan aiki a Kenya da Hong Kong, suka nuna wani sauyi a ƙwayar gado mai suna FCGR2B yana kare yara daga masassara mai tsanani, kuma shi ɗin dai yana ƙara haɗarin lufus. Sauyin ya fi yawa a jinin mutanen Afirka da kudu maso gabashin Asiya. Wanda ya san labarin amosanin jini, wato sikila, ya san irin wanga ciniki: abin da ya tsirar da kakanni daga sauro, jikoki na biyan kuɗinshi ta wani wuri.

Akwai kuma wani ƙulli. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Turai da Amurka suka fitar a 2019 sun ce kafin a lissafa mutum cikin masu lufus a bincike, sai awon ANA ya nuna. Awon yana son na'ura da sinadarai da ma'aikaci ƙwararre, abubuwan da ba a gina likitar ƙauye dominsu ba. Garin da babu awon, a takarda babu cutar.

Babbaƙu da farfaru

Tambayar da ta rage ita ce: in gado ne, mi ya sa wata ke kamuwa ƴar'uwarta ta tsira? Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, gadonsu iri ɗaya ne sak. Amma in Hasana na da lufus, kusan sau ɗaya cikin huɗu ne kaɗai Usaina ke samunta. Nan ne efijenetik ya shigo.

Duk wanda ya riƙe allo ya san babbaƙu da farfaru. Rubuta kaf da ra a ajami babu wasali: ana iya karanta su kara, ko kira, ko kura. Baƙaƙen ba su sake ba, wasali ne ya raba ma'ana. Haka abin da a lakkwal muke kira ADN yake. Ƙwayoyin gado kusan 20,000 ne cikin mutum, kuma iri ɗaya ne a ido da hanta da jini. Abin da ya sa ido ya zama ido, hanta ta zama hanta, alamomi ne da ake ɗorawa bisa rubutun, masu cewa a karanta nan, a tsallake can. Conrad Waddington ne ya raɗa wa fannin suna a 1942. Alamar da aka fi sani wani ɗan sinadari ne mai suna metil. In ya hau kan ƙwayar gado yakan rufe mata baki, kamar ɗauri bisa harafi. In ya faɗi sai ta fara magana.

Bruce Richardson na Jami'ar Mishigan ne ya haɗa wannan da lufus. A 1986 ya ɗauki fararen ƙwayoyin jini masu lafiya, nau'in da ake kira T, ya zuba musu maganin da ke hana metil zama, sai suka fara kai wa ƙwayoyin jikinsu hari. A 1988 ɗakin bincikenshi ya nuna magunguna biyu da aka daɗe da sanin suna jawo wa wasu mutane lufus, wato hidiralazin na hawan jini da furokainamid na bugun zuciya, su ma metil suke ragewa. Irin wannan lufus ɗin galibi takan tafi in an daina maganin. A 1990 suka tarar ƙwayoyin T na masu lufus da ke tashe suna da ƙarancin metil. A 1993 suka ɗura wa ɓeraye masu lafiya ƙwayoyin da aka kankare wa metil, ɓerayen suka kamu da ciwo mai kama da lufus. A 2010 wani ɗakin bincike a Basalona ya gwada jinin tagwayen da ɗaya ke da cutar ɗaya babu: babbaƙu iri ɗaya, farfaru sun bambanta a gomman ƙwayoyin gado, da yawansu na garkuwar jiki.

Fannin ya kuma haska dalilin da ya sa mata ne. Mace tana da ƙunshin gado mai suna X guda biyu, namiji ɗaya. A 1961 Mary Lyon ta gano cewa kowace ƙwayar jikin mace tana rufe X ɗaya, don kada saƙo ya ninka. Rufewar ba ta cika ba. A 2018 masu bincike a Tuluz ta Faransa suka nuna ƙwayar gado TLR7, mai tada garkuwa, tana kuɓucewa ta yi magana daga X biyun. Mazan da aka haifa da X biyu, haɗarin lufus gare su ya kai kusan ninki 14 na sauran maza. A 2024 ɗakin binciken Howard Chang a Stanford ya nuna ita kanta igiyar da ke ɗaure X ɗin, mai suna Xist, tana tara sinadaran da garkuwa ke iya ɗauka abokan gaba.

Wa ke ɗora wasalin?

Rayuwa ce ke ɗora shi, musamman tun mutum yana ciki. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun tsare abinci a yammacin Holan, aka yi yunwa. A 2008 aka gwada jinin waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin, aka tarar bayan shekara 60 metil ɗin da ke kan wata ƙwayar gado ta girman jiki bai kai na ƴan'uwansu da suka fito ciki ɗaya ba.

Misali mafi kusa da mu daga Keneba ne, ƙauyen manoma a Gambiya, inda damina ke zuwa da ƙarewar rumbu da aiki mai yawa kamar yadda muka sani a nan. Binciken da aka buga a 2010 da 2014 ya nuna yaran da aka ɗauki cikinsu da damina alamominsu sun bambanta da na waɗanda aka ɗauka da rani, kuma bambancin yana bin sinadaran abinci da ke cikin jinin uwa. A 2013 ɗakin binciken Richardson ya rage wa ɓeraye masu saurin kamuwa da lufus irin waɗannan sinadaran cikin abinci, ciwon ƙodarsu ya tsananta.

A yi hattara dai. Binciken Holan da na Keneba ba kan lufus aka yi su ba, kuma babu cikinsu wanda ya ce yunwa na kawo ta. Abin da suka nuna shi ne abin da uwa ta ci yana barin rubutu a jikin ɗa. Mu kuwa ƙasarmu ta ga Kakalaba a 1913 zuwa 1914, ta ga fari na 1973, ta ga na 1984 da ake kira El Buhari, ta ga 2005. Sauran abubuwan da aka tabbatar suna tada lufus ko ƙara haɗarinta su ma ba baƙi ba ne: hasken rana mai ƙarfi, hayaƙin taba, da ƙurar yashi da dutse, wadda wani bincike na 2002 a jihohin Karolina na Amurka ya danganta da cutar har cikin masu aikin gona. Macen da ke dashen albasa a fadama ko surfe a tsakar gida da rana tsaka, cikin waɗannan take wuni.

Ina aka kwana wajen magani?

Fatan masu efijenetik shi ne: baƙi ba ya gogewa cikin sauƙi, amma wasali ana iya gyara shi. A 2003 aka ba ɓeraye masu lufus wani sinadari mai suna tirikostatin, mai taɓa yadda ake naɗe ADN, ciwon ƙodarsu ya ragu. Wahalar ita ce irin waɗannan magunguna ba sa zaɓen harafi, shafi duka suke shafewa. Wasu daga cikinsu an amince da su don kansar jini, inda haɗarin ya cancanci a ɗauka, amma har yau babu wanda aka amince da shi don lufus.

Amfanin da ya fara isowa ta gefe ya biyo. Bincike ya nuna ƙwayoyin gadon da suka fi rasa metil ga masu lufus su ne masu amsa kiran wani ɗan saƙon garkuwa mai suna intaferon, kuma a 2021 Amurka ta amince da allurar anifrolumab mai toshe kunnen da ke jin wannan kiran. Kafin ita akwai belimumab a 2011, sabon maganin lufus na farko cikin sama da shekara 50. Kuɗinsu ya fi ƙarfin manomi, nesa ba kusa ba. Abin da ya fi kama da namu shi ne awo: a 2016 ƙungiyar Lu Qianjin a birnin Changsha na ƙasar Sin ta nuna auna metil a kan ƙwayar gado guda, IFI44L, yana iya raba jinin mai lufus da na wanda ba shi da ita.

Sai dai da jinin wa ake gwada waɗannan? Wata ƙidaya ta 2016 ta nuna cikin mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu, kashi 81 cikin 100 jinin Turawa ne, kashi 3 kaɗai jinin Afirka. Baƙar fatar da ke cikin binciken lufus kuwa galibi ƴan Amurka ne, waɗanda ba su san sauro mai masassara ko damina mai yunwa ba. Tunda wasali rayuwa ce ke ɗora shi, nasu ba zai tsaya a madadin namu ba.

Madawa da Buza, 2013

Nibakin ya daina cin masassara a yankinmu, har a wajen 2005 Nijar ta koma ga sababbin magunguna. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 ƙwayoyin rigakafi kowane wata lokacin damina a ƙasashen Sahel. Cikin masanan da suka yi tsaye kan gwaje-gwajen da suka kai ga wagga shawara har da Greenwood. A 2013 aka fara aikin a Nijar tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, kuma gundumomin Madawa da Buza suna cikin na farko.

Ka ga yadda tarihi ya zagayo. Mutumin da ya ce wataƙila masassara ce ke danne lufus, shi ne ya taimaka aka rage masassarar a ƙofar gidanmu. Wannan alheri ne babu ja, don sauro yana kashe dubban yara a Nijar kowace shekara, kuma babu uwar da za ta fasa ba ɗanta rigakafi saboda hasashen 1968. Amma ƴan matan da suka sha ƙwayoyin farko a 2013, a 2025 shekarunsu tsakanin 12 da 17 ne, suna shiga shekarun da lufus ta fi kamu. In hasashen na da gaskiya, nan gaba za a ƙara ganinta cikinsu. In ba shi da ita, to dā ma tana nan cikin iyayensu mata ana kiranta sanyi. Ko ta wace hanya, sai an duba za a gani. Kulawar kyauta da gwamnati ta kawo a 2006 ta fi mayar da hankali ne kan yara ƙasa da shekara 5 da awon ciki da tiyatar haihuwa, lufus ba ta ciki.

Kammalawa

Darasin wannan tarihi shi ne kalmar babu a bakin likitanci tana da ma'ana biyu: an nema ba a samu ba, ko ba a nema ba. Shekara kusan 30 aka ɗauka ana karanta ta biyun kamar ta farko.

Ba sai mun jira na'urar auna metil ba kafin mu motsa. Mace matashiya da ke da ciwon gaɓoɓi na watanni, da masassarar da awon sauro bai nuna komi ba, da zubar gashi ko tabon fuska da rana ke tsanantawa, ko ɓari sau biyu sau uku, a kai ta likita a faɗi alamomin duka a zama ɗaya, kada a riƙa kawo su ɗai-ɗai. A roƙi awon fitsari, irin ɗan tsinken nan da ake yi wa masu ciki, don shi ke fara nuna ƙoda ta taɓu. A adana karne da takardun awo, a tafi da su in an tura Madawa ko Tawa ko Yamai. Kada a sayi kortizon ko Plaquenil a faranti.

Ga ƴan'uwa ɗalibai masu karatun lafiya kuma, waɗanda kowace shekara ke neman abin da za su rubuta kundin ƙare karatu a kai: Greenwood da takardun asibiti ɗaya ya fara, Adelowo ma haka. Rajistocin likitocin Madawa da Buza da Keita suna nan, cike da mata da aka rubuta wa ciwon gaɓoɓi da kumburi da masassarar da ba ta jin magani. Wani cikinmu ya kamata ya zauna ya buɗe su.